Joseph Fourier: marayan tela da ya gano yadda ƙasa ke ajiye zafin rana

A ranar 21 ga Disamba, 1807, aka gabatar wa Cibiyar Masana ta Faransa da ke birnin Paris wani dogon rubutu a kan yadda zafi ke ratsa daskararrun abubuwa irin su ƙarfe da dutse da ƙasa. Mai rubutun kantoma ne na wani lardi mai tsaunuka a kudu maso gabashin ƙasar. Harkokin haraji da ɗibar soja da gyaran hanyoyi sun cinye mafi yawan lokacinsa, ɗan abin da ya rage kuwa shi yake ba lissafi. Sunansa Jean-Baptiste Joseph Fourier, yana da shekara 39 a duniya.

Manyan masana lissafi huɗu aka ɗora wa nauyin duba aikin: Lagrange da Laplace da Monge da Lacroix. Uku daga cikinsu malamansa ne. Lagrange, wanda maganarsa ta fi nauyi a fagen, ya ƙi yarda da hanyar da Fourier ya bi, don haka aka jingine rubutun ba a buga ba. Sai bayan shekara 15 littafin ya fito, kuma a kansa aka gina babban ɓangare na abin da aka sani a yau game da yadda doron ƙasa ke karɓar zafin rana, ya ajiye wani, ya mayar da saura.

Tambayar da ya ɗauka, kowa ya san ta da tafin ƙafarsa. Yashin da ba ya takuwa da azahar shi ne mai sanyi ƙarara da asuba, alhali ruwan tafkin da ke gefensa kusan yana nan yadda yake dare da rana, kuma rana ɗaya ce ta haska su duka biyun. Fourier ne ya mayar da irin wannan bambanci lissafi, har aka iya faɗin yadda zafi zai tafi a cikin abu tun kafin a sa ma'auni.

Maraya a makarantar soja

An haifi Fourier ranar 21 ga Maris, 1768, a garin Auxerre da ke kudu maso gabashin Paris. Mahaifinsa tela ne mai iyali da yawa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara tara, mahaifin kuma ya bi ta a shekarar da ta biyo. Wasu masu faɗa a ji a garin da suka lura da kaifin basirarsa suka nema masa gurbi, a 1780 ya shiga makarantar soja ta sarki da ke Auxerre, wadda limaman Kirista 'yan ɗarikar Benedict ke gudanarwa.

Da farko adabi ne ya ja hankalinsa, amma da ya kai shekara 13 sai lissafi ya rinjaye shi. Kafin ya wuce shekara 14 ya kammala nazarin juzu'i shida na littafin lissafin Bézout, wanda da shi ake koyar da hafsoshi a wancan zamani. An ruwaito cewa yakan tattara guntayen kyandir da rana, ya ɓuya da su cikin dare ya ci gaba da karatu bayan sauran ɗalibai sun yi barci.

Makarantar soja ba ta kai shi aikin soja ba, domin muƙaman hafsoshi a Faransa ta lokacin na 'ya'yan masu sarauta ne, ɗan tela ba shi da rabo a ciki. A 1787 ya shiga gidan 'yan zuhudu na Saint-Benoît-sur-Loire da niyyar zama limami. Ya yi shekara biyu a can zuciyarsa tana rabe tsakanin addini da lissafi, ya fita a 1789 bai ɗauki alkawarin ƙarshe ba. A shekarar ce juyin juya halin Faransa ya ɓarke. A 1790 ya koma tsohuwar makarantarsa a matsayin malami.

Saura ƙiris a fille masa kai

A 1793 Fourier ya shiga kwamitin juyin juya hali na garinsu, saboda ya yi imani da daidaito tsakanin mutane. Ba da daɗewa ba al'amarin ya rikiɗe zuwa zamanin kashe-kashe, inda zargi kaɗai kan kai mutum gaban injin fille kai. Ya nemi ya janye daga kwamitin, bai samu dama ba. A wata tafiya da ya yi zuwa birnin Orléans ya tashi a bainar jama'a ya kare wasu da ake tuhuma, wannan kuma ya jawo masa fushin wakilin gwamnati.

A watan Yulin 1794 aka kama shi aka tsare. Abin da ya cece shi shi ne faɗuwar Robespierre, jagoran masu mulkin, wanda aka fille wa kai a ƙarshen wannan wata. Da iska ta juya aka sake shi. Sai dai sababbin masu mulki su ma sun kama shi a 1795, a wannan karon bisa zargin yana cikin waɗanda suka taya masu kisan aiki. Ya sake fita bayan abokan aikinsa da ɗalibansa sun sa baki.

A tsakanin kamun biyu ne aka zaɓe shi cikin ɗaliban farko na sabuwar makarantar horar da malamai ta École Normale da aka buɗe a Paris a Janairun 1795. A nan ya zauna gaban Lagrange da Laplace da Monge. Daga nan ya soma koyarwa a École Polytechnique, kuma a 1797 ya gaji kujerar Lagrange a makarantar. Ɗalibai sun shaide shi da iya bayani.

Shekara uku a Masar

A watan Mayun 1798 Janar Napoleon Bonaparte ya tashi daga tashar jiragen ruwa ta Toulon da rundunar mamaye Masar, tare da masana da injiniyoyi fiye da 150. Fourier yana cikinsu. Sun sauka Iskandariya a farkon Yuli, suka shiga Alkahira kafin watan ya ƙare. A ranar 1 ga Agusta jiragen yaƙin Ingila ƙarƙashin Nelson suka ragargaza na Faransa a gaɓar Abu Ƙir, rundunar ta wayi gari ba ta da hanyar komawa gida.

A cikin watan Napoleon ya kafa Cibiyar Nazarin Masar a Alkahira, aka naɗa Fourier sakatarenta na dindindin. Masanin tarihin nan na Masar, Abdurrahman al-Jabarti, ya ziyarci cibiyar, ya rubuta abin da ya gani na littattafai da kayan gwaji. Shi ne kuma ya rubuta yadda sojojin Faransa suka murƙushe boren mutanen Alkahira a Oktoban 1798, har suka shiga masallacin Azhar da dawakai. Fourier ma'aikacin wannan mulkin mamaya ne, ya riƙe muƙaman gudanarwa, ya kuma wakilci Faransawa a majalisar malamai da dattawan birnin. A 1799 ya jagoranci ɗaya daga ayarin masanan da suka hau kogin Nilu zuwa kudancin Masar suna zana tsofaffin gine-ginen Fir'aunoni. Da wani ɗalibin Azhar ɗan Halab, Sulaiman al-Halabi, ya kashe Janar Kléber a Yunin 1800, Fourier ne ya yi jawabin jana'iza.

Ya koma Faransa a 1801 bayan rundunar ta miƙa wuya. Daga baya shi aka ɗora wa rubuta gabatarwar tarihi ta babban kundin bayanin ƙasar Masar da masanan suka haɗa. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa tun dawowarsa bai ƙara jure sanyi ba, yakan rufe jikinsa da tufafi masu kauri ko da bazara, ɗakinsa kuma kullum wuta na ci.

Kantoma mai zoben ƙarfe

Burinsa shi ne ya koma aji, amma a 1802 Napoleon ya naɗa shi kantoman lardin Isère, mai hedkwata a Grenoble a gindin tsaunukan Alps. Umarnin Napoleon ba abin da ake ƙi ba ne. Ya yi shekara 13 a kujerar. Ya shawo kan ƙauyuka masu yawa da suka daɗe suna jayayya har aka janye ruwan fadamun Bourgoin, waɗanda ke haddasa zazzaɓi, suka zama gonaki. Ya kuma kula da aikin hanyar da ta tashi daga Grenoble ta nufi Turin ta cikin tsaunuka. A Grenoble ne ya haɗu da wani yaro mai son harsuna, Jean-François Champollion, ya tallafa masa. Yaron ne ya warware rubutun Fir'aunoni a 1822.

A cikin waɗannan shekaru ya duƙufa kan zafi. Yakan ɗauki zoben ƙarfe ya huda shi a wurare daban-daban, ya sa ma'aunin zafi a kowane rami, ya kunna wuta a gefe ɗaya, ya riƙa rubuta yadda zafin ke zagayawa. Bayan ya janye wutar kuma ya bi yadda zoben ke hucewa. Daga irin waɗannan gwaje-gwaje ya fitar da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa: zafi yana gangarawa daga inda ya fi yawa zuwa inda ya fi ƙaranci, kuma yawan wanda ke wucewa ya danganta da girman bambancin da ke tsakanin wuraren biyu da kuma tazarar da ke tsakaninsu. Idan aka ninka bambancin, zafin da ke wucewa ya ninku. Idan aka ninka kaurin bango, rabi ne kawai zai ratsa.

Ya kuma rarrabe halaye uku da kowane abu yake da su, waɗanda a da ake cakuɗa su. Na farko shi ne ƙarfin riƙe zafi, wato yawan zafin da abu zai sha kafin ma'auninsa ya ɗaga da digiri ɗaya. Masanin Scotland, Joseph Black, ya riga ya nuna tun wajen 1760 cewa abubuwa sun bambanta a wannan. Na biyu shi ne saurin da zafi ke ratsa cikin abun. Na uku kuwa shi ne saurin da fatar abun ke sakin zafi ga abin da ke kewaye da ita. Da ya haɗa ukun a lissafi guda, sai ya samu hanyar sanin zafin kowane wuri a cikin abu a kowane lokaci.

Wajen warware lissafin ne ya zo da abin da ya tayar da ƙura. Ya ce duk yadda rabon zafi ya kasance a cikin abu, ko da yana da karye-karye da tsalle-tsalle, ana iya rarraba shi zuwa jerin hawa da sauka masu santsi irin na igiyar ruwa, manya da ƙanana, a lissafa kowanne shi kaɗai, sannan a tara su. Misalinsa kamar kunnen gwani ne da ke jin taron makaɗa ya ware sautin kowane ganga. Lagrange ya taɓa kusantar wannan ra'ayi shekaru da dama kafin nan ya watsar, kuma bai ga hujjar da za ta sa ya karɓe shi daga hannun tsohon ɗalibinsa ba.

Cibiyar ta sanya batun ya zama gasar lissafi ta 1811. Fourier ya faɗaɗa rubutunsa ya aika, kuma ya lashe kyautar a farkon 1812. Amma alƙalan sun haɗa yabon da suka, suka ce hujjojinsa ba su cika ba. Rubutun ya sake komawa cikin kabad.

Tsakanin sarki da Napoleon

Siyasa ta sake rutsawa da shi. Da aka tumɓuke Napoleon a 1814 aka mayar da gidan sarautar Bourbon, Fourier ya ci gaba da riƙe Isère a ƙarƙashin Sarki Louis na 18. A watan Maris na 1815 Napoleon ya tsere daga tsibirin Elba ya nufo Paris, hanyarsa kuma ta bi ta Grenoble. Fourier ya fice daga garin kafin ya iso. Napoleon ya fusata, amma da suka haɗu sai ya naɗa shi kantoman lardin Rhône. Bai cika wata uku a kai ba ya bar kujerar, a Yuni kuma aka ci Napoleon da yaƙi a Waterloo.

Fourier ya isa Paris ba aiki, ba kuɗi, kuma masu mulki na kallonsa a matsayin yaron Napoleon. Wani tsohon ɗalibinsa da suka je Masar tare, Chabrol, wanda ke riƙe da lardin Seine, ya ba shi shugabancin ofishin ƙididdiga. A 1816 Majalisar Masana Kimiyya ta zaɓe shi mamba, sarki ya ƙi sa hannu. Aka sake zaɓarsa a 1817, wannan karon aka amince. A 1822 ya zama sakataren dindindin na majalisar, a shekarar ce kuma littafinsa kan nazarin zafi ta hanyar lissafi, Théorie analytique de la chaleur, ya fito.

Inda zafin rana ke tsayawa

Tun daga farko, abin da Fourier ke hange shi ne duniya kanta. Zoben ƙarfe hanya ce kawai ta isa ga tambayar yadda rana ke ɗumama ƙasa. Ya ɗauki doron ƙasa a matsayin fuskar da ake ɗumamawa ana barinta ta huce a kai a kai, sau ɗaya a kowace rana, sau ɗaya kuma a kowace shekara, ya lissafa yadda wannan hawa da sauka ke nutsewa cikin ƙasa.

Lissafin ya nuna abubuwa biyu. Na farko, hawa da saukar yana raguwa da zurfi. Bambancin dare da rana yana ɓacewa kafin a kai zurfin mita ɗaya. Bambancin lokutan shekara, da yake ya fi daɗewa yana aiki, yana nutsewa kimanin ninki 19 na wancan, sannan shi ma ya ɓace. Na biyu, zafin yana makara a hanya. A zurfin wasu mitoci, ɗumin bazara ba ya isa sai sanyi ya shigo a sama. Paris tana da shaidar wannan: a ɗakunan ƙarƙashin cibiyar nazarin taurari ta birnin, masu zurfin kimanin mita 28, ma'aunin zafi ya yi shekaru da dama yana tsaye a wajen digiri 12 a ma'aunin Salshiyas. Dalilin ke nan da ruwan rijiya mai zurfi kan yi kamar ya ɗumama da sanyin safiya, ya kuma yi daɗin sha da tsakar rana. Ruwan yana nan yadda yake, iskar waje ce ta sauya.

Wannan makara tana nan a sama ma. Rana ta fi ƙarfi da tsaka, amma zafi ya fi tsanani wajen ƙarfe biyu zuwa uku, domin ƙasa tana ci gaba da tara zafi matuƙar abin da ke shiga ya fi abin da ke fita.

Alƙaluman da aka tabbatar daga baya sun bayyana batun yashi da ruwa. Ana auna makamashi da jul. Kilo ɗaya na ruwa yana bukatar kimanin jul 4,200 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, busasshen yashi kimanin 800, ƙarfe kuwa kimanin 450. Ban da wannan, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin yashi tana hana zafi nutsewa, sai ya taru a 'yan santimitocin sama, har fuskar rairayin hamada takan wuce digiri 70. Da rana ta faɗi, ɗan abin da aka tara ya tsere da wuri. Ruwa kuwa haske yana ratsa shi, yana motsi yana gauraya na sama da na ƙasa, wani zafin kuma yana tafiya wajen mayar da shi tururi. Teku babbar ma'ajiya ce: mita uku na samanta kaɗai suna iya riƙe zafi kwatankwacin dukan iskar da ta lulluɓe duniya. Fourier ya lura da cewa teku da iska suna daidaita rabon zafi tsakanin sassan duniya.

Ana ganin aikin wannan ƙa'ida a Afirka ta Yamma. Tazarar zafi tsakanin rana da dare a Sakkwato ko Maiduguri ta fi ta Legas nesa, saboda Legas tana jingine da teku. Damina ma daga nan take samo asali. Idan Sahara ta yi zafi fiye da tekun Guinea, iska mai ɗauke da danshi takan taso daga teku ta kutsa arewa da hadari. Magina na gargajiya kuma sun daɗe suna cin moriyar makarar zafi: katangar ƙasa mai kauri da rufin soro suna shanye zafin rana su riƙe shi na sa'o'i, ba ya isa cikin ɗaki sai gari ya soma sanyi, alhali kwanon rufi marar kauri yana miƙa shi nan take.

Akwatin Saussure da bargon iska

A 1824 Fourier ya buga wata maƙala kan zafin duniya da na sararin subuhana, aka sake buga ta da 'yan gyare-gyare a 1827. A ciki ya lissafa tushen zafin ƙasa guda uku: hasken rana, da zafin da ya rage a cikin duniya tun halittarta, da kuma zafin sararin da duniyoyi ke yawo a ciki.

Game da na cikin ƙasa, masu haƙar ma'adinai sun san cewa zafi yana ƙaruwa da kimanin digiri ɗaya a kowace mita 30 da aka nutsa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa wannan wuta ta ciki tana da hannu a yanayin da ake ji a sama. Fourier ya lissafa ya nuna cewa dutse yana miƙa zafi a hankali ƙwarai, har gudummawar cikin ƙasa ga zafin samanta ba ta kai kashi ɗaya cikin 30 na digiri ba. Saboda haka rana ce ke da iko da yanayin doron ƙasa.

Daga nan sai ya tambaya: in rana tana zuba zafi kowace rana, me ya hana duniya ta yi ta ɗumama ba iyaka? Amsarsa ita ce ƙasa tana mayar da zafi sama ta wani irin haske da ido ba ya gani, wanda ya kira zafi mai duhu. William Herschel ya gano irin wannan haske a 1800. Duk yadda ƙasa ta ƙara ɗumi, haka take ƙara fitar da shi, har shiga da fita su daidaita. A inda suka daidaita, nan zafin duniya yake tsayawa.

Don bayyana rawar da iska ke takawa, ya kawo gwajin Horace-Bénédict de Saussure, masanin Geneva da ya rasu a 1799. Saussure ya ƙera akwati, ya shimfiɗa baƙin ɓawon itace a ciki, ya rufe samansa da gilasai a jere, ya ajiye a rana. Zafin cikin ya kai kimanin digiri 110, ya wuce na tafasar ruwa. Wannan akwati shi ne kakan murhun girki mai aiki da rana da na'urar ɗumama ruwa da ake ɗorawa a kan rufi. Fourier ya ce hasken rana yana ratsa iska cikin sauƙi, amma da ya taɓa ƙasa ya zama zafi mai duhu, fitarsa takan yi wuya, don haka ƙasa ta fi ɗumi fiye da yadda za ta kasance in babu iska. Ya kuma yi nuni da cewa ayyukan ɗan Adam, kamar sauya fuskar ƙasa da rabon ruwa, suna iya sauya matsakaicin zafin wuri a tsawon ƙarnoni.

Ya yi kuskure a wani wuri. Ya ɗauka cewa sararin subuhana yana da ɗumi kusa da na yankunan ƙanƙara na duniya, wajen digiri 50 zuwa 60 ƙasa da sifiri, kuma yana taimakawa wajen ɗumama ƙasa. Yanzu an san cewa sanyinsa ya kai kimanin digiri 270 ƙasa da sifiri, gudummawarsa kuma ba abin lissafawa ba ce. Bai kuma san wane ɓangare na iska ne ke tare zafin ba.

Waɗanda suka biyo baya suka cike giɓin. A 1838 Claude Pouillet ya auna ƙarfin hasken rana ya samu adadin da bai yi nisa da na yau ba, wato kimanin wat 1,361 a kan kowace murabba'in mita a saman iska. A 1856 wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta nuna cewa tulun gilashi mai iskar kabon dayoksaid ya fi sauran ɗumama a rana. A 1859 John Tyndall ya tabbatar a Landan cewa tururin ruwa da kabon dayoksaid ne ke shanye zafi mai duhu, wanda ya bayyana dalilin da daren hunturu, lokacin da iska ta bushe, yake da tsananin sanyi. A 1896 Svante Arrhenius na Sweden ya lissafa yadda ƙaruwar kabon dayoksaid za ta ɗaga zafin duniya. Lissafin zamani ya nuna cewa in ba don wannan bargo ba, matsakaicin zafin doron ƙasa zai kasance wajen digiri 18 ƙasa da sifiri, maimakon kimanin 15 sama da shi. Ya kuma nuna cewa teku ce ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da ke taruwa a zamanin ɗumamar yanayi.

Ƙarshen rayuwa

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da girmamawar da ta daɗe tana guje masa. Ƙungiyar Masana ta Royal Society da ke Landan ta karɓe shi a 1823, Majalisar Harshen Faransanci kuma ta zaɓe shi a 1826. A matsayinsa na sakatare ya buɗe wa masaniyar lissafi Sophie Germain ƙofar halartar zaman Majalisar Kimiyya, a lokacin da ba a ba mata wannan dama. Bai taɓa yin aure ba. Ciwon gaɓoɓi da sarƙewar numfashi sun matsa masa, har ya koma yin aiki a cikin wata kujera mai kama da akwati da ke tallafe jikinsa.

A ranar 4 ga Mayu, 1830, ya faɗi a kan matakalar bene. Ya rasu a Paris ranar 16 ga watan, yana da shekara 62. An binne shi a maƙabartar Père Lachaise, aka ƙawata kabarinsa da zane irin na Masar. Bayan shekara biyu aka binne Champollion a kusa da shi.

Hanyar lissafin da Lagrange ya ƙi ta wuce batun zafi. Georg Ohm ya bi tsarinta a 1827 wajen fitar da ƙa'idar gudun lantarki a cikin waya. William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya yi amfani da ita a aikin wayar tangarahon da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atlantika. Bajamushen nan Dirichlet, wanda ya zauna da Fourier a Paris yana matashi, shi ya kawo a 1829 cikakkiyar hujjar da alƙalan gasar suka ce babu, tare da fayyace sharuɗɗan da hanyar ke aiki a ƙarƙashinsu. A yau da wannan rarrabawa ake tace murya a wayar salula, ake matse hotuna a kwamfuta, ake kuma haɗa hoton cikin jiki a na'urorin asibiti. Sunan Fourier yana cikin sunaye 72 na masana da injiniyoyi da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel da aka kammala a 1889.